Farin da Ya Fito wa Inna a Hannu

Gyaran jiki nake yi a Kazaure. Idan biki ya matso a unguwarmu, gidana ake kawo amarya a ce in fito da ita. Ba ni da shago, ba ni da kwalabe masu rubutun Turanci. Kayan aikina duk a madafa suke, gefe ɗaya da kayan miya: kurkum, lemun tsami, zuma, sukari, dankalin Turawa, nono, ƙwai da man shanu. In dafa sukari da lemun tsami ya zama halawa, in kwaɓa dilka, in zaunar da yarinya a tabarma in murje ta tun tana raki har ta yi shiru. Ranar da za a ɗauke ta, uwarta ta yi ta sa mini albarka. Mai ƙuraje ta zo, mai kaushi ta zo, har wadda man bilicin ya ƙona wa kumatu ta zo tana ɓoye fuska a hijabi, kuma galibi sukan koma da sauƙi. Fata ɗaya ce na yi iya yina a kanta ban ga komai ba, ita ce ta hannun mahaifiyata.

Inna a Roni take, a gidan da aka haife mu, kuma fura take yi tun ban san kaina ba. Wanda bai taɓa ganin ana yin fura ba, zai ɗauka turmi ne yake yin aikin. Turmi nasa kirɓi ne kawai, sauran duk hannu ne. Da hannu ake kwaɓa garin geron da citta da kanumfari da masoro, da hannu ake dunƙula shi a jefa a tukunya. In ya dahu an kirɓa, da hannu ake cura shi tun yana turiri, a mulmula a cikin gari. Duk wanda ya sha furar Inna, abin da ya bi ta tafin hannunta ya sha, kuma a Roni da wuya ka sami gidan da ba a taɓa shan ta ba. Mai jego gidanmu za a aika, mai azumi gidanmu, maras lafiyar da ya ƙi cin komai ma a ce a gwada masa furar Inna.

Bayan rasuwar Baba mun so ta huta. Ni da ƙanena, wanda yake zaune da ita shi da matarsa, muka ce ci da sha dai ba za su gagare mu ba. Ta dube mu ta ce, "To in zauna in yi me? In riƙa korar ƙuda?" Ba yunwa ce take tashin ta da asuba ba. Sallamar da ake yi mata ce a zaure, da ƙoren da ake jerewa a tsakar gida ana jiran ta sauke tukunya. Muka ƙyale ta.

Manyan masu sayen furar Fulani ne masu tallar nono. Babbarsu wata tsohuwa ce da muke kira Goggo, rugarsu tana tsakanin Roni da Gwiwa. Mu asalinmu Barebari ne, don haka tsakaninta da Inna babu gaisuwa sai tsiya. Tun daga zaure Goggo za ta ɗaga murya, "Ina baiwar tawa? Har yanzu ba ki gama mini aikina ba?" Inna ta ce, "Shigo, 'yar daji. Bi a hankali, kada ki ga gini ki firgita." Haka suke tun suna da sauran ƙuruciya, in ba su yi wannan ba to ɗayarsu ba ta da lafiya.

Ni na fara ganin farin. Na je Roni wata Juma'a, Inna ta gama curi tana wanke hannu, na ce, "Inna, ga gari can ya maƙale miki a gindin babban yatsa." Ta sake wankewa, bai fita ba. Ta goga da gefen zane, yana nan. Ɗan fari ne bai fi ƙwayar wake ba. Na kama hannun na duba, na ce ƙyasfi ne, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Na yanka lemun tsami, na jiƙa 'yar kanwa, na ce ta riƙa gogawa safe da yamma.

"Ke dai komai kika gani a jikin mutum sai kin matsa masa lemo," in ji ta. "Kamar kunu kika samu."

Muka yi dariya, na hau babur na koma Kazaure, na manta da maganar.

Da na dawo bayan Sallah, farin ya haye bayan hannun, wani ya fito a ɗayan, kan yatsun ma sun fara haske. Ƙyasfi in ka kankara yana da ɗan gari-gari, kuma yana ƙaiƙayi in an yi gumi. Wannan sumul yake, ba ƙaiƙayi, ba zafi, fari tas kamar an ɗiga madara. Na san ba ƙyasfi ba ne, amma ban nuna mata ba. Na lallaɓa ta na kawo ta asibiti a Kazaure.

Likitan ya duba ya ce albaras ne. Launin fata ne yake ɓacewa a wurin, ba kuturta ba ce, ba a ɗauka ko da kwano ɗaya ake ci. Ya ce a wajen wani yakan tsaya, a wajen wani yakan ci gaba, kuma ba zai yi mana alkawarin launin zai dawo ba. Ya ba da wani man shafawa, ya ce a kiyaye rana. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma da za ka biyo ni Roni ka faɗa wa mutane da bakinka, da ya fi mini wannan man." Ya yi murmushi, ya ɗauka wasa take. Muna cikin adaidaita sahu za mu tasha na ga ta cusa hannuwan biyu a cikin hijabi. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

Babu wanda ya zo ya ce mata na daina saye. Mutanenmu ba sa haka. Yau wannan ta aiko a ce ba za ta fita talla ba, gobe waccan ta ce shanu sun yi nisa, babu nono. Maƙwabciyar da take aiko da kwano kullum ta ce yaranta sun koma shan shayi. Ƙoren da suke cika tsakar gida suka riƙa raguwa, ɗaya bayan ɗaya. Wata mata a bayan layinmu, wadda a da ko kunu ba ta iya damawa babu gudaji, ta sayi turmi ta fara fura, kuma ta sami kasuwa.

Ni ba ni da haƙurin Inna. A wani gidan suna na ji wata tana cewa ai ciwon nan ta gumi yake bi, fura kuwa da zafinta ake curawa, dole hannu ya yi gumi. Na dire kwanon da ke hannuna na ce, "Ke da kika yi jegonki duka a kan furar nan, me ya fito miki?" Na faɗa musu abin da likita ya ce, na maimaita. Suka ce, "Haba, wa ya ce wani abu? Allah ya ba ta lafiya." Babu wadda ta dawo saye, sai ma aka ƙara da cewa 'yarta mafaɗaciya ce. Da labari ya kai wa Inna, ta ce, "To kin ga amfanin bakinki."

Sai na koma ga abin da na iya. Na ce tunda ba zan iya gyara tunanin mutane ba, bari in gyara hannun. Man likita ya ƙare babu canji, na fara da kurkum da man shanu. Goggo ce take kawo man, sabo, a ɗan ƙoƙo, tana cewa ba don Inna take kawowa ba, don kada baiwarta ta lalace ne. Kurkum ya rina wurin ya koma rawaya kamar mai ciwon shawara. Na koma zuma da garin habbatus sauda. Na jiƙa hulba na markaɗa da nono. Na soya citta a man riɗi na tace. Wata 'yar Nijar da nake sayen turaren wuta a wurinta a Babura ta ce tsamiya da man kaɗe, na yi. Duk abin da na gani a waya, a guruf ɗinmu na masu gyaran jiki, in dai akwai shi a madafa to na kwaɓa shi. Kowane mako ina bayan ɗan acaɓa a hanyar Roni, da robobi a cikin leda, jikina yana warin miya.

Inna takan miƙo hannu babu musu. In shafa, in naɗe da tsumma, mu zauna a inuwa muna jira. A lokacin ne na san hannun mahaifiyata. Tafin yana da tauri kamar bayan ƙwarya saboda zafin fura, amma bayan hannun laushi gare shi, kuma inda farin ya ci ya fi ko'ina laushi. Mu a gidanmu ba a rungume-rungume, ni ce kuma 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe hannunta na daɗe haka ba. Ina son wannan zaman, kuma ina jin haushin abin da ya kawo shi. In an kwance tsumman, in juya hannun a haske in ce, "Kin gani, Inna, kamar gefen nan ya fara ja baya." Sai ta ce, "To."

Kowa kuma ya zama mai magani. Matar ƙanena ta ce tunda baƙi ake nema, a daka gawayi a kwaɓa da man kaɗe. An yi, hannun ya yi baƙi kuwa, furar ranar ma ta yi, aka zuba wa awaki. Wata ƙanwar Baba ta zo ta rantse da Allah cewa ta ga wanda ya warke da idonta, wai a daka tafarnuwa da gishiri a ɗaure a wurin, a zauna a rana. Na ce a'a, tafarnuwa ƙuna take yi. Ina juya baya suka yi. Hannun ya tashi ya yi bororo kamar an watsa masa ruwan zafi, Inna ta yi kwanaki ba ta taɓa taɓarya ba. Da ya warke, duk inda ya ƙone fari ya biyo. Ƙanwar Baban ba ta sake zuwa ba, ta dai aiko da cewa ba a bar shi ya daɗe ba ne.

Goggo ce ta kawo maganar lalle. Ta same mu wata ranar ina shafa wa Inna wani sabon haɗi, ta tsaya a kanmu da ƙwarya a ka, ta ce, "Barebari dai ba ku da wayo. Kun tsaya wai sai kun warkar da shi. Ku rufe shi mana! Wa ya taɓa ganin fatar hannu a ƙarƙashin ƙunshi?"

Muka dubi juna. Ni da nake yi wa amare ƙunshi, wannan bai taɓa faɗo mini a rai ba. Mace ta yi lalle ba abin tambaya ba ne, tsohuwa ko yarinya. In ya fara gogewa a sake, har abada, wa zai sani?

Ranar da aka yi shi gidan ya yi daɗi irin wanda aka daɗe ba a yi ba. Goggo ta kawo busasshen ganyen lalle daga rugarsu, muka daka, muka tankaɗe, na kwaɓa da lemun tsami da ruwan shayi mai kauri don ya kama sosai. Inna ta ce ita ba ta son leda, a ɗauko mata zungurunta, dogon ƙoƙon nan da matan zamanin da suke zura hannu a ciki in sun yi ƙunshi. Yana rataye a ɗaki tun Baba yana da rai. Muka kakkaɓe masa ƙura, na damɓara mata lallen har wuyan hannu, gaba da baya, ta zura ɗaya a zunguru, ɗayan muka naɗe da tsumma.

"Wa zai kwashi wannan tsohuwar amaryar?" in ji Goggo. "Ko da yake akwai wani makaho a rugarmu, zan yi masa magana."

"In dai Bafulatani ne, gara in mutu a haka," in ji Inna.

Muka yi ta dariya har matar ƙanena ta ƙona miya. Na kwana a Roni, raina fes, ina ganin an gama.

Da safe aka kwance. Lalle a kan baƙar fata duhu yake yi, ja mai shiga baƙi, sai an matso ake gani. A kan farin kuwa babu abin da ya tare shi. Ya kama wurin ya yi ja jawur, launin manja, kowane tabo da iyakarsa kamar an zana. Abin da a da sai mutum ya lura, yanzu tun daga bakin zaure ake hango shi. Wanda bai sani ba zai rantse ɗanyen ciwo ne. Goggo, da ta yi sammako don ta ga aikinta, ta tsaya baki buɗe. Inna ta juya hannun, ta sake juyawa, ta ce, "To, yanzu kam ko makahon naki zai gani." Babu wadda ta yi dariya. Goggo ta ce ta bar maraƙi a rana, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Na murje da toka, na murje da kanwa, na bi da lemun tsami har Inna ta ce zan saɓule mata fata. Lalle sai ya ga dama yake fita. Makonni ta yi da wannan hannun, kuma a cikinsu aka baza a gari cewa ciwon ya fashe. Furar da ta cura a kwanakin kuma ta ɗauki ƙamshin lalle, wanda ya sha ya ce warin magani ne. Sauran 'yan Fulanin da suke zuwa don kunya suka sami dalili, suka ɗauke ƙafa.

Ƙanena ya sayo mata safar hannu irin ta asibiti. Aka ce in ba ya yaɗuwa me ya sa take rufewa. Furar ma maƙalewa take a robar. Muka ce to matarsa ta riƙa curawa, Inna ta zauna a gefe tana faɗa da baki. Yarinyar ta yi ƙoƙari, amma wanda ya yarda ya saya ya ce ba irin ta da ba ce, wanda bai yarda ba ya ce ai turmi ɗaya ne. Inna ta karɓi aikinta.

Goggo kaɗai ta rage. Sai dai ta daina tsiya. Ta shigo da sallama kamar baƙuwa, ta durƙusa, "Kin tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki?" Inna ta ce da ni, "Tunda Bafulatanar nan ta fara gaishe ni kamar mutuniyar kirki, na san abin nan ya kai inda ya kai." Amma Goggo ba ta rage komai daga abin da ta saba ɗauka ba, kullum sai ta cika ƙwaryarta. Saboda ita kaɗai Inna take tashi da asuba ta hura wuta, ta ɗora ƙaramar tukunya a inda babba take zama. A kasuwar Gwiwa Goggo take talla, don haka Inna takan ce, "Mutanen Gwiwa sun fi na Roni hankali. Can dai ana shan furata." In ta faɗi haka har wani ɗaga kai take yi. Ni ma na rataya raina a nan, ina cewa in dai ana sha a wani wuri, wata rana na gida ma za su dawo.

Wata ranar kasuwa ta ce za ta je Gwiwa ta sayo gero da kanta, wai na Roni ya cika tsakuwa. Na san ba gero ba ne. So take ta tsaya daga nesa ta ga wani ya ɗaga ƙoƙo yana shan abin da ta cura. Ina Roni a ranar, na ce zan raka ta. Ta sa hijabinta mai kyau, muka hau babura.

Ba mu sha wuyar samun Goggo ba. Tana gindin wata bishiya a layin masu nono, tana dama wa wani mutum. Muna matsowa Inna ta tsaya cak. Ni ban ga komai ba da farko, sai da na bi idonta. Furar da ke kan faifan Goggo ƙanana ce, fara-fara. Ta Inna manya ce, kuma tana da duhu saboda kayan yaji. Goggo ta ɗago ta gan mu, ludayin ya tsaya a hannunta. Inna ta jira har mutumin ya sha ya tashi, sannan ta tsuguna a gabanta.

"Ina tawa?" in ji Inna.

"Ta ƙare tun da safe."

"Kada ki yi mini ƙarya. Zagi na saba ji a bakinki, ban saba da ƙarya ba."

Goggo ta sunkuyar da kai tana juya ludayin a cikin ƙwarya. Can ta ce, "Sun gane ta. Tun lokacin lallen nan wata ta faɗa musu gidan da nake ɗaukowa. In na sa taki a faifai, nonon ma sai in koma da shi ruga."

"To ina kike kai ta?"

"Ina sha. Wallahi ni ina sha. Jikokina ne uwarsu ta hana."

"Ke kaɗai kike shanye cikin ƙwarya kullum?"

Na ga hawaye ya sauko wa Goggo ta gefen hanci. Ta ce, "Abin da ya rage ina jiƙa wa maruƙa."

Na so in yi magana, ban san wa zan yi wa faɗan ba. Wannan tsohuwar tana tahowa tun daga ruga kowace safiya ta sayi abin da ba za ta sayar ba, sannan ta bi ta wani gidan ta sayi wanda za ta sayar. Ban taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya karya mahaifiyata kamarsa ba. Inna ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "To madalla. Ai ba a zubar ba." Ba mu ko leƙa layin masu gero ba, muka nemi babur.

Washegari ba a hura wuta ba. Goggo ta zo kamar kullum, ta tsaya a tsakar gida da ƙwarya a hannu. Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta ce, "Ki riƙa zuwa, gidanki ne. Amma kada ki ƙara zuwa da ƙwarya." Goggo ta zauna. Tana zuwa har yanzu, jefi-jefi, ta kawo nono ta gaishe ta ta tafi.

Ni ban daina ba nan da nan. Mako ya zagayo na zo da wani haɗin, bawon rumman da zuma, wai an gwada shi a wani wuri. Na buɗe robar na ce ta kawo hannun. Ta ce, "Ki kai wa amarenki. Hannun nan ya gaji da zama tukunyar miya." Na ce ko sau ɗaya. Ta ce, "In ya koma baƙi gobe, kina ganin za su dawo? Cewa za su yi ya shige ciki." Na rufe robar, don na san gaskiya ta faɗa.

Yanzu farin ya wuce wuyan hannu, ya fito mata a gefen baki. Ba ya ciwo, ba ya hana ta barci, likita ya ce ba zai taɓa lafiyarta ba, kuma bai taɓa ba. Amma ta daina zuwa suna da biki. Ta daina sa hannu a kwano ɗaya da jikokinta, ba wanda ya hana ta, ita ta ware kwanonta. Ni kuma ina Kazaure ina murje 'ya'yan mutane da kurkum da zuma, suna fita suna sheƙi, ana cewa hannuna yana da albarka. Wani lokacin ina cikin kwaɓa dilka sai in ji kamar in kife kwanon in tashi.

A bazarar da ta wuce na je na same ta ba ta jin daɗi, zafi ya hana ta cin tuwo. Na tambaye ta me take sha'awa, ta ce fura. Matar ƙanena ta fita ta sayo a wajen wata mai talla. Akwai sauran nonon da Goggo ta kawo. Inna ta hana ni damawa, ta ɗauki ludayi ta dama da kanta, ta kai baki, ta ɗan tsaya.

"Geron bai surfu ba," in ji ta. "Cittar ba ta ji ba. Kuma tun ba ta dahu ba aka sauke."

"To Inna, ki yi mana taki mana," na ce. "Ba ta sayarwa ba. Mu kaɗai, 'yan gida. Ni zan daka miki, ke ki cura. Wallahi na yi kewar ta."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Na san za ki sha, 'yar nan. Har ƙari za ki nema, kina kallon fuskata ki ga ko na ji daɗi. Na gaji da a sha mini fura don tausayi."

Ta ɗaga ƙoƙon da hannuwanta biyu ta ci gaba da shan furar mai tallar, a hankali, har ta shanye.